Yaƙi Aikin Rani Ne

Ina tsakar gida ina tsince wake bayan azahar wayar ta yi ƙara. Babban ɗan yayana ne. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba, ya ce, "Gwaggo, sai haƙuri. Baba ya cika." Na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na tambaye shi yaushe za a kai shi, ya ce bayan la'asar, kuma ba za a jira ni ba saboda hanya. Na ce hakan ya yi. Daga Malumfashi inda aure ya ajiye ni zuwa ƙauyenmu da ke gefen Maska ba wata tafiya ba ce, amma a yanzu ba mai kama wannan hanyar da yamma. Na ajiye wayar a kan faifai, na ci gaba da zama, hannuna a cikin waken.

Zan faɗa muku abin da ya zo mini a lokacin, ko da zai zama kamar bai dace da makoki ba. Ban ga dattijon nan mai furfura da na sani a shekarun baya ba. Saurayi na gani, siriri, yana tsaye a gindin ɗorawar ƙofar gidanmu yana wurga hannuwa, yana rantsuwa cewa tun da aka yi duniya ba a taɓa yin mayaƙi kamar wani sarkin ƙasar Girka ba.

Babanmu ya rasu ina goye, ban san shi ba. Kakanmu na wajen uba ne ya riƙe mu, ni da yaya da innarmu. Akwai kuma baffa, ƙanin babanmu, wanda ya je yaƙin Turawa a ƙasar Bama ya dawo yana jan ƙafa ɗaya. Noma ya gagare shi, sai ya kama gadi a injin gurzar auduga a Funtuwa. A wurinsa yaya ya zauna da aka sa shi makarantar boko, kuma tare suke zuwa gida a kan keke ɗaya in an yi hutu, baffa a baya, yaya na tuƙi.

Musun nan da rani ake yin sa. In an gama tsinkar auduga, dawa ta shiga rumbu, aikin maza ya koma gyaran danga da jinka, sai kakanmu ya shimfiɗa buzunsa a gindin ɗorawa yana tufka igiyar rama a cinyarsa. Baffa ya miƙe ƙafar nan tasa yana saƙar zana. Ni kuwa dole in zauna, domin tsohon ya ce shi ba ya zaman hira ba amaryarsa a kusa. Haka yake kirana, amarya. Ni kuma in ce masa ba na auren mai haƙori uku.

"Tsoho, yau na zo maka da wanda ba ka da ta cewa a kansa," in ji yaya.

"Kullum haka kake faɗa, ɗan boko. Sauke shi mu gani."

Sai yaya ya sauke shi. Malaminsu na tarihi ya ba su labarin sarkin nan na Girka da ya hau mulki yana yaro, ya ci Masar, ya ci Farisa, ya bi ƙasa har Hindu, ba a taɓa korarsa ba ko sau ɗaya. Yaya ya iya ba da labari. Yakan zana rundunar a ƙasa da tsinke, ya nuna inda dawakai suka ɓullo ta gefe. Kakanmu zai saurara har ƙarshe, igiya na ƙaruwa a bayansa, sannan ya yi tambayarsa. Tambaya ɗaya ce, kuma ita yake yi wa kowa.

"Da wane lokaci ya fita? Da rani ko da damina?"

"Tsoho, wa ke tambayar wannan?"

"Ni. Mutanen da ya kwasa, manoma ne ko daga sama suka faɗo? Wa ya yi wa iyayensu huɗa?"

Yaya bai sani ba. Da aka koma makaranta ya kai tambayar, malamin ya yi dariya har ya riƙe ciki, amma ya bincika ya aiko da amsa, har da gaisuwa ga tsohon. Amsar ba ta taimaki yaya ba. Ashe sarkin shekara da shekaru ya yi yana tafiya, rani da damina, kuma da suka kai Hindu ruwa ya tsuge musu ba ƙaƙƙautawa, sojojin suka tsaya a bakin wani kogi suka ce ba za su ƙara taku ɗaya ba. Da kakanmu ya ji haka sai ya buga cinya.

"Yauwa! Sun ji ƙanshin ƙasa. Waɗannan su ne masu hankalin, ba yaron ba. Kawo wani."

Ya kamata in bayyana muku inda tsohon ya samo wannan ma'aunin. An haife shi kafin zuwan Turawa, kuma yana yaro ya ga hari da idonsa. A saninsa yaƙi aikin rani ne, kamar haƙar rijiya ko ginin rumbu. Sai amfani ya shiga gida, rafuka sun janye, ƙasa ta yi tauri yadda doki zai taka, sannan mahara ke fitowa daga arewa. Da ruwan fari ya sauka kuwa, kowa ya kama hanyar garinsu, da wanda ya kawo harin da wanda aka kawo wa, domin dukansu suna da bakin da za su ciyar. Bai ɗauki wannan a matsayin al'adar wani wuri ba. A wurinsa haka Allah ya tsara abin a ko'ina, kuma duk shugaban da ya riƙe mutane a daji ruwa na zuba, to bai san aikinsa ba, komai yawan garuruwan da ya ci.

Nasa gwanin wani sarkin yaƙi ne na garinsu, gajere, wanda ko makaɗa ba su cika damuwa da shi ba. Wata shekara mahara suka kore shanu a ƙarshen bazara, ya bi su da mutanensa har suna hangen su. Sai hadari ya haɗu daga gabas, ruwa ya sauka. Nan take ya juya kan dokinsa ya ce a koma gida a yi shuka.

"Wannan ai gudu ne," in ji yaya.

"Gudu ne. Kakanka na cikin waɗanda aka haifa wa ƙanne a shekarar saboda gudun nan. Shanun ma an biyo su da wani ranin."

Baffa shi ma yana da nasa, wani babban janar na Turawa da ya taɓa gani sau ɗaya tak a Bama, ya hau kan mota yana yi musu magana. Baffa ya ce mutumin ya san soja da cikinsa yake tafiya, ya sa jirage suna jefo musu abinci a tsakiyar kurmi, kuma shi ne ya juya yaƙin bayan an kusa cinye su. In baffa yana wannan labarin har zama yake gyarawa, ya ɗaga ƙirji.

"Kofur, da wane lokaci?" in ji kakanmu, don da muƙaminsa na soja yake kiran baffa.

"Baba, can ai kusan kullum damina ce. Cikin ruwa muka bi su, matsattsaku har cikin takalmi."

"To ka ji. Ya karɓi ɗana da ƙafa biyu, ya mayar mini da ɗaya da rabi, ga daminu sun wuce ba garmarsa a gona. Cire shi."

Sai su yi dariya su duka, har baffan.

Haka aka yi ta yi shekara da shekaru. Yaya ya kawo mai giwaye, wanda ya haye duwatsu masu ƙanƙara da rundunarsa ya faɗa wa Rumawa ta inda ba su zata ba. Tsohon ya so wannan, musamman da ya ji daga namu ɓangaren duniya ya fito, har ya ajiye igiyar. Amma da ya ji ya fi shekara goma a ƙasar abokan gaba bai leƙa gida ba, ya ce giwayen ma an zalunce su. Yaya ya kawo Bafaranshen nan da ya girgiza ƙasashen Turawa, ya shiga ƙasar sanyi da runduna ba iyaka, sanyi da yunwa suka cinye masa ita a hanyar dawowa. Kakanmu bai ko yi tambayar ba, ya ce mutumin da bai san lokaci ba ko jaki ba a ba shi kora. Wata rana yaya ya ɗauko sahabin nan da ba a taɓa cin sa da yaƙi ba, yana ganin ya kama tsohon. Kakanmu ya ɗaure fuska ya ce waɗannan ba a sa su cikin surutun gindin ɗorawa, Allah ya ƙara musu yarda, a kawo wani.

Ni ma na taɓa shiga. Na ce tawa ita ce sarauniyar Zazzau da innarmu ke ba ni labari, wadda duk inda ta sauka sai ta kewaye wurin da ganuwa. Yaya ya ce wannan tatsuniyar mata ce. Kakanmu ya ce, "Rufe mini baki. Ganuwa da rani ake gina ta, wa ya taɓa kwaɓa ƙasa da marka? Amaryata ta fi ka karatu." Ya ciro guntun mazarƙwaila daga aljihu ya ba ni a gaban yaya. Har yau in na ɗanɗana ta sai na ji warin rama.

Ina da shekara goma sha ɗaya ko sha biyu aka fara yaƙin basasa. Yaya ya riga ya gama makaranta ya dawo gida, aikin ofis bai samu ba, kuma shi ne ƙarfin gonarmu. Idon kakanmu ya fara hazo, baffa ba ƙafa. Damina ta zauna sosai, an gama noman fari ana shirin maimai, audugar ma ba ta daɗe da fitowa ba, sai labari ya zo cewa ana ɗaukar soja a Funtuwa.

A gona aka yi maganar, da rana tsaka, na kai musu fura. Ranar baffa ya zo, yana zaune a bakin kunya. Yaya ya sha furar, ya ajiye ludayi, ya ce yana so ya tafi.

Kakanmu ya ce, "Allah ya kai mu girbi."

"Tsoho, ba za su jira girbi ba. Yanzu ake yi."

"Yanzu? Da ruwan nan?" Ya ɗaga fuska sama kamar zai duba hadarin da ba ya iya gani sosai. "Ashe daga can har nan ba mai hankali ko ɗaya."

"Ƙasa ce za ta rabe."

"Ga ƙasa nan ƙarƙashin ƙafarka, ciyawa na cin ta. Ban hana ka ba. Na ce a sa dawa a rumbu, sannan ka je ka yi yaƙinka kamar yadda mutane ke yi, ka dawo mini da ruwan fari."

Yaya ya juya wajen baffa yana neman ya sa baki. Baffan da ya fi kowa murya a gindin ɗorawa ya sunkuyar da kai yana tsinke ciyawa da yatsa. Da ya ɗago, abin da ya ce kawai shi ne, "In ka tafi, ka riƙa shanya ƙafarka. Ruwa ya fi harsashi cin soja."

Kakanmu ya ce, "Kofur, kai ka cusa masa wannan."

Baffa ya ci gaba da tsinke ciyawarsa. Ban ƙara jin ya ba da labarin janar ɗinsa ba har ya bar duniya.

Bayan 'yan kwanaki yaya ya tafi. Da safe ne, an kwana ana yayyafi. Innarmu ta ƙulle masa ƙuli-ƙuli da garin kunu a tsumma, ta sa masa albarka a bakin ɗaki, ta koma ciki ba ta fito ba. Kakanmu yana zaure yana wasa fartanya a kan dutse. Yaya ya durƙusa a gabansa ya ce, "Tsoho, zan kama hanya. A sa mini albarka." Dutsen ya ci gaba da kuka. Can tsohon ya ce, "Ina ka bar garmar?" Yaya ya ce tana bayan rumbu. Ya ƙara jira, gwiwarsa a ƙasa. Tsohon ya ci gaba da wasa fartanyarsa, albarkar ba ta fito ba. Na raka yaya har bakin rafi, ya dafa kaina ya ce in kula da mijina, ya yi dariyar da ba ta kai ido ba, ya tsallaka.

A ranar kakanmu ya ɗauki garmar da kansa. Bai yi kunya uku ba ya zauna yana haki. Da labari ya kai tsallaken rafi, abokinsa na ƙuruciya, wani Bamaguje da ke sarkin noman unguwarsu, ya zo da gayya, maza da mata da gangar noma, suka yi mana maimai, daga baya suka dawo suka yi huɗa. Ba su nemi abin da suka saba sha a gayyarsu ba, sun san gidan da suka zo, kunun tsamiyar innarmu suka sha. Da za su tafi Bamagujen ya ce wa kakanmu, "Da ka sa wa yaron albarka, mai taurin kai." Kakanmu ya ce, "In ya dawo da ruwan fari zan sa masa har ya gaji."

Da gaske yake. Wannan shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai. Rani ya zo ya wuce, ba a yi musu a gindin ɗorawa ba, igiya kawai. Ranar da ruwan fari ya sauka, ƙasa ta ɗauki ƙanshin nan, tsohon ya sa babbar rigarsa ya ce, "Amarya, kama mini sanda." Na ja shi har bakin hanyar motar da ta fito daga Funtuwa. Ya zauna a kan wani dutse. Duk motar da ta tsaya sai ya ce in duba masa masu sauka. Shi a lissafinsa an kai lokacin da kowane shugaba zai sallami mutane su je su yi shuka. Baffa ya gaya masa yaƙin yanzu ba haka yake ba, limami ma ya gaya masa. Tsohon ya ce bara sun yi kuskure ne don ba su shirya ba, bana ai sun ga abin da ya jawo. Muka yi ta zuwa har shuka ta fito, sannan ya daina.

Wata shekarar ma haka muka yi. A lokacin ya daina gani gaba ɗaya, ƙarar mota kawai yake saurare. Wani da ya dawo da rauni ya kawo mana saƙon baki cewa yaya na raye, yana can kudu inda ruwa ba ya ɗaukewa. Kakanmu ya ce, "Kamar ƙasar Kofur ke nan. To ta yaya za su san lokaci?" Wannan ne karo na farko da na ji shakka a muryarsa. Ya rasu bayan girbin shekarar, dawa tana masussuka. Ba a daɗe ba yaƙin ya ƙare, da tsakar rani.

Yaya ya dawo da ƙafafunsa biyu. Ya je kabarin ya daɗe. Na ba shi labarin dutsen bakin hanya, ya saurara, ya ce, "Amma albarkar, ya faɗa da bakinsa?" Na ce a'a, cewa ya yi sai ka dawo. Ya gyaɗa kai. Da ya bar soja ya koma gonar nan, kuma a noma ya ƙare rayuwarsa. Ban ƙara jin sarkin Girka a bakinsa ba, ko mai giwaye. In jikokinsa suka haɗa kai a kan waya suna gardamar wane janar ya fi wane a tarihin duniya, sai ya ɗauki butarsa ya bar musu wurin.

Ɗorawar ta faɗi tun tuni, an yi shagon caji a wurin. Igiya ta roba ake saya. Abin da tsohon ya ɗauka tsarin Allah ne kuwa, ban san yadda zan bayyana masa ba da zai dawo. Yanzu a yankinmu da damina aka fi jin tsoro, in dawa ta yi tsawon ɓoye mutum. Gonakinmu na nesa shekaru ke nan ba a taka su ba. Yaya ya koma noman 'yar gonar bayan gida.

Da Babbar Sallar da ta wuce na je na kwana biyu a wurinsa. Muna zaune a zaure da hantsi, sai ya ce mini, ba tare da na tambaya ba, "Amaryar tsoho, kin san na samo masa gwanin da zai karɓa?" Na ce wa? Ya ce wani ne da ya shugabance su a can, ba babba ba ne, sunansa ba ya cikin kowane littafi, kuma akwai abin da ya yi musu wata damina a bakin wani kogi wanda da tsohon ya ji da ya ajiye igiyar. Ya ce tun a motar dawowa yake shirya yadda zai faɗa wa tsohon. Na ce to ni faɗa mini, ai ni ce magajiyarsa. Ya buɗe baki ke nan aka yi sallama, baƙin yawon Sallah suka cika zauren. Ya ce labarin mai tsawo ne, in dawo in ya cire masara mu zauna a tsanake.

Washegarin rasuwar na kama hanya da sassafe. Na tambayi matarsa da 'ya'yansa ko ya taɓa ba su labarin wani shugabansu na soja. Ba wanda ya taɓa ji. Masarar tana nan a bayan gida ba a cire ba, kuma yaya bai faɗa mini abin da mutumin ya yi ba.